Me za mu kira injin moton da ba shi da fistan?

Jama'a, ina neman taimakonku da kalma guda. Ƙanena da ke Faransa ya turo mini hoton wata tsohuwar moto da ake sayarwa, Suzuki RE5 ta 1975, yana tambaya ko in ya aiko ta akwai mai iya riƙe ta a Maradi. Na kai hoton fadarmu ta Sabon Gari, aka yi ta shan shayi ana gardama, ba a kan moton ba, a kan sunan injinta. Bafaranshe na cewa rotatif, wasu su ce Wankel, sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Felix Wankel, wanda aka fara tada injinsa a kamfanin NSU na Jamus a 1957. Mu fa?

Ga yadda abin yake, don kada a raɗa wa jariri suna ba a gan shi ba. Babu fistan mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake gewaye cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Kowace fuska tasa tana jan iska da mai, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaƙi. In ƙarfen ya zaga sau ɗaya, sandar tsakiya ta zaga sau uku.

Na farko ya ce "injin juyi". Wani tsohon makanike da ke zaune ya ce, "Malam, wane inji ne ba ya juyi? Ko na markaɗe juyi yake." Shi ke nan ta faɗi. Wani ya ce "injin murhu" saboda duwatsu uku, amma murhu a zaune yake. Ni na kawo "injin gyaɗa", aka yi mini dariya, kuma da gaskiyarsu: a garin nan ka ce injin gyaɗa, na ɓare gyaɗa za a nuna maka.

Wadda ta zauna mini ita ce ta tsohon: injin mazari. Na ce, "Baba, ai mazari ba shi da kusurwa." Ya ce kusurwa ba ta dame shi ba, yana son yaron gareji ya ji sunan ya san abin da ke ciki kaɗawa yake, kada ya buɗe yana neman fistan da segman, wato zobban fistan masu tare matsi. Nan ya kama ni. Suna in bai hana ɓarna a gareji ba, me ya yi?

Domin ɓarnar a nan take. Injin nan da gangan yake ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan don ya shafa wa ƴan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin, su ne ke tare matsi. Wanda bai sani ba zai ga mai na raguwa ya ce ciwo ne, ya toshe hanyarsa, ƙarafan su cinye, moto ta daina tashi, musamman in ta yi zafi. Shi ya sa na ce wa ƙanena kafin ya biya a gwada matsin fuskokin ukun ɗaya-ɗaya, a kuma tada ta da zafinta. Bujinta ma na musamman ne, kuma Suzuki ta daina ƙera ta tun 1976, ban sa ran a samu kayanta a Katsina ko Kano ba. Haka Hercules W-2000 ta Jamus da Norton irin wadda ƴan sandan Ingila suka hau, duk dangi ɗaya ne.

To ni dai na tsaya a nan: injin a kira shi injin mazari; ƙarfen mai kusurwa uku, mazari; gidansa kuma, kwanso. Ƴan ƙarafan bakin kusurwa ne suka rage. Tsohon ya ce haƙora, wani ya ce a bar su segman tunda aikinsu ɗaya. Na fi karkata ga haƙora, don su ma cinyewa suke. Makanikan Zinder da Katsina, ku me za ku ce?