Tiraka mai sim a jikin Keke da wuyan kare: ta ci kuɗinta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Keke Napep a hannun direba yana kawo balas, ga kuma kare mai gadi da ke tsallake katanga da daddare sai an yi ta cigiya. Wasu sun ce in sayi tiraka mai ɗaukar sim, wato na'urar da ke nuna maka a waya inda abu yake, wani kuma ya ce AirTag, ɗan ƙaramin abin bibiya na kamfanin Apple, ya ishe ni tunda ba ya cin data. Wanne zan ɗauka, kuma ina matsalar take? Allah ya saka da alheri.

Mai haɗa wayarin mota:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tiraka mai sim ce ta dace da Keke. AirTag ba shi da GPS, ba shi da layi, da Bluetooth yake aiki, sai wata iPhone ta gifta kusa da shi sannan ta aiko maka inda yake. A tsakiyar Kano za ka iya dacewa, amma da an yi ƙauye da Keken sai ka ji shiru. Ga shi yana tona kansa: wayar wanda yake tafe da shi za ta iya sanar da shi cewa ana bibiyarsa.

Mai sim ɗin, irin su GT06, yawanci wayoyin haɗi huɗu gare ta. Ja zuwa fositif ɗin batir, a sa mata fiyus ƙarami, baƙa zuwa bodi, ruwan lemo zuwa wayar makulli don ka san lokacin da aka tayar da inji, ruwan ɗorawa zuwa rile mai yanke wuta, wanda ke ba ka damar kashe inji daga nesa. Amma a duba takardar da ta zo da ita, kaloli kan bambanta. Kada a cusa ta ƙarƙashin ƙarfe, ƙarfe yana tare siginar tauraron ɗan adam. A ɓoye ta bayan roba ko cikin soson kujera, fuskar eriya tana kallon sama. A fili za ta nuna wuri da kuskuren mita 5 zuwa 10. A ƙarƙashin rufin kwano sai ta koma lissafi da turakun sabis, nan kuwa unguwa za ta nuna maka ba gida ba. Sannan tana shan batir ko an kashe inji, in Keken zai yi mako biyu a ajiye a riƙa tayar da shi.

Mai sayar da layi da data:
Abin da ya fi kashe tiraka shi ne layin da aka manta da shi. Ana liƙa shi a ciki, data ta ƙare ba a sani ba, ranar da ake nema a tarar ya mutu. Layin da ya yi wata 6 ba a yi komai da shi ba kamfani na iya rufe shi. A yi masa rajista da NIN ɗinka, ba na direba ba, a cire masa fin, wato lambar kulle sim, a zaɓi data ta wata mai sabunta kanta. Ba ta ci da yawa, megabayit 100 ya wadatar har da saura. A bar ɗan kati a ciki saboda tirakar ta riƙa amsa tes, wato saƙon waya. Sai a saita APN, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, in ba a sa ba za ta amsa tes amma ba za ta fito a taswira ba. Masu araha 2G kawai suke kamawa, don haka zaɓi layin da ya fi ƙarfi a hanyar da Keken ke bi. Kuma a canza lambar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, don duk mai irinta ya san ta.

Likitan dabbobi:
Ta kare daban ce, Alhaji, don ba batirin mota a wuyansa. In ka sa ta aiko wuri duk daƙiƙa 10, cajin ba zai daɗe ba. Ka sa ta duk minti 10, ka zana iyakar gida a manhajar tirakar da ke wayarka don ta yi maka ƙara da ya fita, sai a lokacin ka kunna bibiya kai tsaye. Nemi mai alamar IP67, wato mai jure ruwa da ƙura, saboda ruwan sama da kwata. Wajen ɗaurawa yatsu biyu su shiga tsakanin abin wuya da fata, kuma a riƙa duba wurin ko ya goge gashi. Tiraka dai ba ta hana shi fita, a ƙara tsawon katangar ko a ɗaure shi da dare.

Wani ɗan uwa:
Ƙari kan rile: kada a kashe Keke yana gudu da fasinja a ciki, haɗari ne. A jira ya tsaya. In an sace, a kai hoton taswira da lambar Keken ofishin 'yan sanda, kada a tara matasa a bi sawu. Ɓarayin da suka ƙware suna lalube su cire ta, shi ya sa wasu ke sa biyu, ɗaya a wayarin, ɗaya mai batirin kanta a wani lungu. Direban kuma a gaya masa an sa, amana ta fi ɗorewa a haka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. In an cire batirin Keken fa?

Mai haɗa wayarin mota:
Tana da ƙaramin batir a ciki, za ta turo maka tes cewa an yanke wuta, ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Ka sa a gwada a gabanka kafin ka biya: a zare kan batir, ka ga tes ɗin ya shigo wayarka.