Neman kalma: saukar da jirgin yaƙi ke yi ba da son matuƙi ba

Ɗiyar Fagge: Salamu alaikum. Ina haɗa shirin rediyo kan jiragen yaƙin da suka riƙa ratsa Kano lokacin Yaƙin Hitila, ranar Alhamis za a sa shi. Tun daga Satumban 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi (a Ghana ta yau), a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Janaina, Fashir da Khartum har Alƙahira. Sun haura 5,000. Ba duka suka isa ba: wani hazo ya ɓatar da shi, wani mai ya ƙare masa, wani inji ya mutu, sai matuƙi ya nemi fili a daji. Takardun Turawa na cewa forced landing. Na ɗauki muryar wani dattijo da ya ga ɗaya yana yaro yana kiwon awaki. Wace kalma zan sa a bakin mai gabatarwa?

Abban Sadiya: Wa alaikumus salam. Saukar gaggawa mana, ita ake ji kullum a labarai.

Malamin Hausa: Gaggawa ta dace da jirgin fasinja da ya juya ya sauka a filin jirgi don wani ya yi rashin lafiya. Nan babu fili, babu zaɓi. Saukar dole.

Ɗan Gwammaja: Saukar ungulu fa?

Malamin Hausa: A'a ƙanena, duk wanda ya ji haka helikwafta zai kawo a ransa.

Baba Na Tudu: 'Yata, me shi dattijon ya ce da bakinsa?

Ɗiyar Fagge: Baba, cewa ya yi: "Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa yana tari, ya ja ciki cikin karan dawa, ƙura ta tashi. Muka watse, awaki suka watse. Da muka dawo sai ga Bature ɗaya zaune kan fiffike yana nuna bakinsa, ruwa yake so." Ya ce maigari ya sa aka kai masa ruwa a ƙwarya, aka tura mai doki ya kai labari.

Baba Na Tudu: To ai magana ta ƙare. Saukar rub-da-ciki. Ita ce ke zana abin a idon mai sauraro. Dole da gaggawa duk Turanci ne aka sa wa hula.

Malamin Hausa: Baba, da girmanka, rub-da-ciki sai in matuƙi bai saki tayoyi ba. Wanda ya sauka kan tayoyinsa a fako fa? Dubi jirgin Heinkel na Jamusawa da ya jefa bama-bamai a Fort Lamy cikin Janairun 1942, mai ya ƙare masa a hanyar komawa ya sauka a hamada. Tilas ce ta saukar da shi, ita ce abin da ya haɗa su duka.

Baba Na Tudu: Wancan ai mai jefa bam ne, ita kan ƙananan take magana, irin su Hurricane. Kuma na fi shekara 30 ina koyar da yara, ban taɓa jin tsoho ya ce "saukar dole" ba.

Badamagare: Mu nan saukar tilas za mu ce, kuma ta fi daɗin faɗi. Sai dai na lura duk kalmar da ba daga Kano ta fito ba, a zauren nan ba a ko duba ta.

Ɗan Gwammaja: Haba Malam. Kano ce jirgi ya fara sauka a Nijeriya, 1 ga Nuwamban 1925. Mun riga kowa ganinsa, ba laifi in mun raɗa masa suna.

Badamagare: Riga ganin jirgi bai sa kun riga mu jin Hausa ba. Mutanen Maradi da Damagaram ma suna kama tasharku.

Abban Sadiya: Ni har yanzu ina kan gaggawa. Manyan gidajen rediyo ba su zauna banza suka zaɓe ta ba.

Baba Na Tudu: Abin da aka faɗa daga Landan ba wahayi ba ne. Da kuskure ake maimaitawa shekara da shekaru har kunne ya saba.

Ɗiyar Fagge: Don Allah iyayena a yi haƙuri, gobe da safe nake shiga ɗakin naɗa. Ga abin da zan yi: mai gabatarwa zai ce saukar dole, sau ɗaya ya ce ko saukar tilas. Maganar dattijo ba zan taɓa ta ba, "ya ja ciki" za ta fita da muryarsa, don shi ne ganau. Baba, in na zo kan jirgin yaƙin nan Kittyhawk da aka gano a hamadar Masar a 2012, shekara 70 bayan saukarsa, zan duba yadda ya sauka kafin in sa taka.

Badamagare: Sau ɗaya dai. To, Allah ya ba da sa'a.

Baba Na Tudu: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. Ki turo mana lokacin da za a sa, ina son jin muryar dattijon nan.