Me za mu kira ruwan da ake ɗura wa mutum kafin hoton MRI?

1. Jama'a, ga wata kalma ta tsaya mana a wuya. Likita zai tura mara lafiya hoton MRI na kai (hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka), ya rubuta a yi da "contrast". Sakamako ya fito, an rubuta cewa jijiya kaza ta yi "enhancement". A ɗakin hoto abin da aka fi ji shi ne "za a sa maka kala" ko "allurar rini". Ni kam duka biyun ba su kwanta mini ba.

2. Ruwan nan ba shi da launi, garau yake a sirinji. Abin da ke cikinsa wani ƙarfe ne, gadoliniyam, an ɗaure shi da wani sinadari don kada ya cutar, har ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Tun 1988 aka fara amfani da shi a asibitoci. Ba ya rina komai. Aikinsa ya sauya yadda ruwan jiki da ke kusa da shi ke amsa maganaɗisun na'ura, sai wurin ya fito fari tas a hoto. Ka ce wa dattijo rini za a zuba masa a jini, ka ga yadda zai gyara zama ya ce a bari ya yi shawara da gida.

3. Wani ya kawo "allurar haske". Ranka ya daɗe, ma'anar ta yi, amma kasuwa ta riga mu. Yau in ka ce allurar haske, hankalin kowa wajen masu bilicin zai tafi.

4. Kafin mu ci gaba, "jijiya" ma sai an yi mata linzami, domin a Hausa ta jini jijiya ce, ta agara ma jijiya ce. Waɗanda ake nufi a nan su ne masu kai saƙo, guda 12 a kowane ɓari, da ke fita daga ƙwaƙwalwa kai tsaye ba ta laka ba: ta shinshina, ta gani, masu juya ido, ta fuska (ita ce ta bakwai), ta ji (ta takwas), har zuwa mai motsa harshe. "Jijiyoyin saƙo na kai" ya ishe mu.

5. To me ke faruwa har jijiya ta fito fari? Lafiyayyar jijiya tana da shinge tsakaninta da jini, ruwan zai wuce ta gefenta bai shiga ba. In kumburi ko ƙwayar cuta ko ƙari ya ɓula shingen, sai ruwan ya tsiyaya ciki ya zauna. Ke nan jijiyar ba haske take bayarwa ba, wani abu ta riƙe. Shi ya sa na fi son "kama", yadda mata ke cewa lalle ya kama. "Jijiya ta bakwai ta dama ta kama ruwan."

6. Ɗauki wanda ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, goshin ɓarin nan ya ƙi tattarewa, in ya kurɓi shayi sai ya zubo ta gefe. A gida sai a ce iska ce ta buge shi. Sau da yawa jijiya ta bakwai ce ta kumbura a matsattsen ramin ƙashi kusa da kunne. Yawancinsu ba sa ma bukatar hoto, amma in abin ya daɗe ko ya zo da wata alama, MRI kan nuna jijiyar ta kama. Haka jijiyar gani in ta kumbura, haka ƙarin da kan fito a jijiya ta takwas ya rage wa mutum ji a kunne ɗaya. Sanƙarau na tarin fuka kuwa gindin ƙwaƙwalwa yake lulluɓewa, jijiyoyi da dama su kama lokaci guda.

7. Wata ma'aikaciyar ɗakin hoto ta ja kunnena, kuma gaskiyarki Hajiya: ba kowane kamawa ne ciwo ba. Wani sashe na jijiyar fuska a cikin ƙashin kunne yana kewaye da ƙananan jijiyoyin jini, don haka yakan ɗan kama ko a lafiyayye. A nan "kama" ta ƙara yi mini, tunda ba ta yanke hukunci, kuma tana karɓar "kaɗan" da "sosai". Amma a bar ta a aikatau. Da zarar an ce "kamuwa", mai ji zai ɗauka ya kamu da cuta.

8. Saura sunan ruwan. An kawo "ruwan bambance", an kawo "mabayyani". Na biyun ya yi kama da sunan littafi, ba na jin zai zauna a bakin mai jinya. Ni na tsaya a "ruwan fayyace hoto", a taƙaice "ruwan fayyace". Ga yadda za a faɗa a ɗakin hoto: "Baba, sai an duba ƙodarka tukuna, sannan a sa maka ruwan fayyace ta jijiyar hannu, mu ga ko jijiyar fuskar ta kama."

9. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da takardunku ke zuwa da Faransanci, me kuke ce wa marasa lafiya?