Sandar rawa ko dirkar wasa? Mu nemo wa ƙarfen nan suna

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta sayi ƙarfen nan da Turawa ke kira pole, wanda ake kafawa a tsakiyar ɗaki a riƙa hawa ana juyi a jikinsa. Tun da ta yi haihuwa ta biyu take neman hanyar dawo da ƙarfin jikinta, ba ta kuma son zuwa gidan motsa jikin da maza da mata ke cakuɗe. Da kayan suka iso sai ta kira ni, wai ta rasa yadda za ta yi da silin ɗin ɗakinta mai ƙuraje-ƙuraje. Mun fi rabin awa muna magana, ita tana cewa "abin nan", ni ina cewa "ƙarfen". Hajiyarmu da ke gefe tana tsintar shinkafa ta ɗago ta ce, "Wai wane irin ƙarfe ne wannan da ba shi da suna?" Ban sami amsar ba ta ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba: bututun ƙarfe ne mai sulɓi, tsayinsa daga daɓe har silin. Kaurinsa yakan zama milimita 40, 45 ko 50, kuma na 45 ake amfani da shi a gasa. Akwai mai tsayawa cak, akwai mai juyawa da mutum. Irin wanda aka fi saya don gida, kamar na kamfanin X-Pole, ba a ɗaure shi da ƙusa ko noti. Yana da faifai a ƙasa, da wani faifan mai faɗi a sama wanda aka zagaye bakinsa da roba. Murɗa shi ake yi yana ƙara tsawo har ya tokare sama da ƙasa. Tokarewar nan kaɗai ke riƙe da shi, da shi da wadda ta rataya a kansa kai a ƙasa. Ku riƙe wannan, don a kansa na gina zaɓina.

Da na tambayi mutane sunan da ya dace da ƙarfen, kalmar da kowa ya fara jefo mini ita ce sanda, sandar rawa. Ta fi sauƙin faɗa, ban musa ba. Amma sanda abin riƙewa ce a hannu, ta makiyayi, ta makaho, ta sarki. Ita ake ɗauka, ba ita ke ɗaukar mutum ba. Wanda ya ji sandar rawa zai zaci wadda ake cillawa sama a cafe a filin kalankuwa.

Wani ya ce turke. Turke a ƙasa ake kafa shi, kansa ba ya taɓa komai, kuma ba na son kalmar da za ta sa a tuna akuya idan ana maganar 'yar mutum. Ginshiƙi ya yi kauri, na gini ne, ba a zagaye shi da tafin hannu. Falwaya kuwa ta bakin titi ce, tana da aikinta.

Wata baiwar Allah daga Zinder ce ta rubuto kalma ɗaya tak: dirka. Ina karantawa na ji abin ya zauna. Dirka ita ce icen da ake tsayarwa daga ƙasa ya tokari rufin rumfa ko na bukka. Siririya ce, tsaye take, ƙafarta a ƙasa kanta a sama. Abin da ya fi burge ni shi ne ilimin da ke cikin kalmar. Duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san ba a ɗora bakin dirka a kan zana ko ciyawa, ƙarƙashin icen da ya gitta ake sa ta. Wannan kuwa ita ce doka ta farko wajen kafa ƙarfen nan. Silin ɗin gidajen Amurka allo ne na farar ƙasa mai kaurin kusan rabin inci, an manna shi a jikin katakan da ke jere a sama, yawanci tazarar inci 16 tsakanin wannan da wancan, wato kusan santimita 40. Su ne azarar gidan. In faifan sama ya sauka a tsakanin katako biyu, allon kawai yake turawa, kuma allon zai lotsa ko ya fashe. Dole a nemo azarar da ɗan na'urar da ke gano katako a bayan bango, a saita faifan a ƙarƙashinta.

Wani malami ya kawo suka mai ma'ana. Ya ce dirka ita ke ɗauke da rufi, wannan kuwa rufin ne ke riƙe da shi, don haka an juya ma'anar. Gaskiya ne, na kuma daɗe ina tunani a kai. Amma idon mai kallo abu ɗaya yake gani, tsayayyen abu tsakanin ƙasa da rufi, kuma a duka biyun ƙarfin yana wurin tokarewa ne. Hausa ta saba da irin wannan aro. Jirgi na ruwa ne tun asali, yau ga shi a sama da kan dogo, ba wanda ya ruɗe.

Sai rabi na biyu na sunan, wanda ya fi jawo zafi: rawa ko wasa? Ba zan ɓoye ba, a ƙasashen Turawa abin ya yi suna ne a gidajen rawar dare, kuma wannan tarihin na nan. Amma ba shi kaɗai ba ne. A Indiya akwai mallakhamb, inda 'yan kokawa ke atisaye a jikin dogon icen da aka shafe da man zurma. Sunan ma daga harshensu suka haɗa shi, malla ɗan kokawa, khamb kuma icen. 'Yan wasan China sun daɗe suna hawa dogayen ƙarafa suna alkafura. A 2009 aka kafa ƙungiyar duniya ta wasan pole, IPSF, ta shirya gasar duniya ta farko a Landan a 2012, a 2017 kuma babbar ƙungiyar da ta haɗa hukumomin wasanni na duniya ta ba ta matsayin 'yar kallo. Abin da ƙanwata ke son yi a ɗakinta, ƙofa a rufe, ya fi kusa da wannan: ɗaga jiki da hannu, riƙewa da cinya, ƙarfafa ciki da baya. In na ce wa Hajiya dirkar rawa, na san inda hankalinta zai tafi, kuma zan zalunci yarinyar. Saboda haka ni dai dirkar wasa na zaɓa ga ƙarfen, wasan dirka ga motsa jikin. Mai yin rawa da kiɗa a kai, a ce rawar dirka. Kowanne da sunansa, ba a yi wa kowa ƙarya ba.

Saura sunan silin nan mai ƙuraje-ƙuraje. Amurkawa da gugguru suke kwatanta shi, kuma da ta turo mini hoto na ga ba su yi kuskure ba, kamar an watsa gugguru ya manne a sama. Feshi ne da aka yi yayinsa daga shekarun 1950 zuwa na 1980, don yana ɓoye aibin aiki yana kuma rage ƙara. A Ingila akwai ɗan'uwansa mai zane-zane da ake kira Artex. Na ga an ba da shawarar silin mai kaushi. Ya yi a matsayin suna na gaba ɗaya, amma kaushi bai faɗi abin da ke da haɗari ba, wato gautsi. Silin gugguru ya faɗe shi, don kowa ya san yadda gugguru ke murƙushewa in an danna. Haka ƙurajen ke yi a ƙarƙashin faifan. Ranar farko za ka murɗa ka ji ya yi ƙam. Kwana biyu ana juyi, sun zama gari, 'yar tazara ta samu, dirkar ta saki ba tare da kowa ya lura ba. Robar bakin faifan ma ba ta samun shimfiɗaɗɗen wurin kamawa tun farko.

Mafita uku na sani. A kankare daidai inda faifan zai zauna har ya yi sumul. Ko a ɗaure faffaɗan katako mai kauri da dogayen sukurori a jikin azara biyu, dirkar ta tokari katakon. Ko a sayi mazaunin dindindin da ake ɗaurewa kai tsaye a azarar. Kowacce aka bi, a duba miƙewar dirkar da ma'aunin magina ta ɓangarori biyu, a kuma girgiza ta da ƙarfi kafin kowane hawa.

Amma don Allah kada kowa ya kai wuƙa jikin silin gugguru kafin ya san shekarun gidan. Da yawa daga na da an haɗa su da asbesto. Amurka ta hana fesa shi a 1978, sai dai magina sun ci gaba da ƙarar da wanda ke ajiye har cikin shekarun 1980. Ingila sai a 1999 ta haramta shi gaba ɗaya. In ba a taɓa shi ba yana zaune lafiya. In aka kankare ko aka huda, ƙurarsa na shiga huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye. Akwai wuraren gwaji da ake aika musu ɗan ɓarɓashi su duba. Na roƙi ƙanwata ta yi wannan tukuna, tunda ga jariri a gidan, ta kuma nemi izinin mai gida don haya suke.

Ga na gida Najeriya da Nijar da suka tambaya: silin POP, na roba da na allon asbesto duk rataye suke, ba za su ɗauki tokarar dirka ba ko kaɗan. Sai dai ɗakin da samansa zubin kankare ne, ko a sayi irin mai faffaɗan gindi da ke tsayuwa da kanta.

Jam'in kalmar dirkoki ne, wannan ba gardama. Abin da ya rage mini shi ne faifan saman nan mai roba. Wata ta ce hula, wani ya ce gammo. Ni gammo ya fi kwanta mini, tunda shi ma tsakanin kai da kaya yake shiga ya raba nauyi. Mutanen Katsina da Maraɗi, ku da kuka fi mu riƙe tsofaffin kalmomin gini, akwai sunan da kuke kiran abin da ake sawa tsakanin bakin dirka da icen rufi?