Masu lambu a gida, ku zo ku faɗa mana yadda kuka yi

Maman Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Duk ranar karɓar maganinmu na cutar HIV sai nas ta ce ku dinga cin ganye, to kayan miya kuma sun yi tsada wallahi, ga yara. Wanda yake shuka a gida don Allah ya taimaka mana da bayani.

Anti Talatu: Wa alaikumus salam Maman Ummi. Ni gidan haya nake, tsakar gidan ma siminti ne, buhunan shinkafa na samu na cika da ƙasa da busasshen kashin awaki, na huda gefe na zuba alayyafo da yakuwa da rama. Alayyafo wata ɗaya kin fara tsinka, kar ki tumɓuke shi, ki yanki sama zai sake tohowa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa nake tara masa a bokiti. Lokacin da na fara shan ARV, wato maganin rage ƙarfin HIV, bakina ba ya son komai, miyar yakuwa ce da tsaminta ta dawo min da cin tuwo, shi yasa ba na wasa da ita.

Baban Sadik: Ni kajin maƙota ne suka hana ni sakat, sai da na rufe da tsohon gidan sauro. Ƙwari kuma ganyen darbejiya nake jiƙawa ya kwana na yayyafa, toka ma tana yi.

Ladi daga Jos: Zogale yana da amfani sosai, akwai sinadarin ƙarfe da bitamin A, ina kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, amma don Allah kar wanda ya ajiye maganinsa saboda shi. Wata 'yar ƙungiyarmu an ce mata garin zogale na kashe ƙwayar cutar, ta daina zuwa asibiti, sai ɗauko ta aka yi ba ta iya tsayuwa. Alhamdulillahi ta koma kan magani yanzu.

Anti Talatu: Gaskiya ne 'yar uwa. Kuma ganye kaɗai ba ya riƙe jiki, a haɗa da wake ko gyaɗa ko ƙwai in an samu. Salak da ake ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta sosai, gudawa tana saurin kayar da mu, taki kuma sai ya ruɓe ya bushe kafin a zuba.

Maman Ummi: Na gode Allah ya saka. Anti kina da sauran irin yakuwa? Ki taho min da shi ranar taron ƙungiya, buhu ina da guda biyu.