Kaskon ruwa a tsakar gida: yadda kuke ɗaukar hoton tsuntsaye da rani

Mai_Darbejiya, Kano

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ruwa ya ɗauke, kududdufai sun soma ƙafewa, lokacin da tsuntsu ke zuwa har cikin gida neman ruwa ke nan. Ina roƙon duk mai ajiye musu ruwa yana ɗaukar hoto ya faɗa mana yadda ya tsara wurinsa: irin mazubin, zurfin ruwan, inda yake zama, saitin kyamara ko waya, da abin da ke ɓata aiki. Nawa tsarin kaskon ƙasa ne mai faɗin kamar santimita 40 a gindin darbejiya. Kurciya da gwara ba sa fashi, amma ƙananan tsuntsayen nan, baiwar Allah da asisi, sai su tsaya a kan katanga suna kallo, ba sa sauka.

Baban_Lambu, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, zurfi ne ke hana su. Baiwar Allah duka tsawonta santimita 10 ne, ƙafarta kuwa ba ta kai rabin ɗan yatsa ba, ba za ta shiga ruwan da ba ta ga ƙasansa ba. Ruwan kada ya wuce santimita 2 a gefe, 4 zuwa 5 a tsakiya. In kaskon mai zurfi ne, a zuba tsakuwa a ciki, a kwantar da faffaɗan dutse guda ya karkata, rabinsa a ruwa rabinsa a waje. A kan dutsen nan za su fara sauka, su sha, daga baya su gangara wanka.

Kaskon ƙasa ya fi roba da kwanon silba. Yana sanyaya ruwa, ƙafar tsuntsu ba ta zamewa a kansa, kuma ba ya walƙiya a hoto. Kwanon silba yana mayar da hasken rana ƙarƙashin tsuntsun, sai cikinsa ya fito fari fat babu launi.

Abin da ya fi komai jawo su shi ne ƙarar ɗigar ruwa. A samu gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda gindinta da allura mai zafi, a rataye ta kamar rabin mita sama da kaskon. Da murfin ake daidaita ɗigar: a sassauta shi ta yi sauri, a ɗaure ta ragu. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa zai kai gorar kusan awa takwas. Tsuntsayen da ba sa kallon ruwa mai kwance ma suna saukowa in sun ji wannan ƙarar.

Hajiyar_Tudun_Wada

Baban Lambu ya gama magana kan kasko. Ni kyanwa zan ƙara. Kada a ajiye kaskon daf da tarin itace ko tukwanen fure inda za ta laɓe, a bar fili kamar mita 2 zuwa 3 ta kowane gefe. Kada kuma a kai shi tsakiyar fili fetal, domin ƙananan tsuntsaye suna son reshe kusa da za su tsere in shaho ya kawo farmaki. Tsuntsun da ya jiƙe tashinsa nauyi gare shi. In gidan akwai yara masu danƙo, a fara da yi musu magana kafin a fara ajiye ruwa, in ba haka ba tarko aka kafa.

Mai_Nikon, Jos

Ni a kan reshe nake ɗaukar hotona, ba na jiran tsuntsu ya hau kasko. Bakin kasko ba ya yin kyau a hoto. Ana samo busasshen reshe mai kaurin ɗan yatsa, mai 'yar lanƙwasa, a kafa shi a tukunya da yashi kamar santimita 30 zuwa 50 daga ruwan, ya ɗan fi shi tudu. Kusan kowane tsuntsu zai tsaya a kansa daƙiƙa biyu ko uku ya duba hagu da dama kafin ya sauka. Wannan tsayawar ake jira. Reshe ɗaya ya isa. In aka kafa uku, ba a san inda za a auna ba.

Sai abin da ke bayan reshen. Ya zama ganye ne ko inuwa, kuma da nisa, aƙalla mita 4 ko 5. In katangar bulo tana daf da shi, duk layin siminti zai fito. Nisan nan ne ke narkar da baya ya zama launi ɗaya, ko da gilashin kyamarar mai araha ne.

Nisa tsakaninka da tsuntsu shi ne inda mutane da yawa ke ganin laifin kayan aikinsu. Da gilashi mai milimita 300 a kan ƙananan kyamarorin Nikon ko Canon, daga mita 3 faɗin hoton kamar santimita 23 ne, baiwar Allah za ta cinye kusan rabinsa. Daga mita 10 faɗin ya kusa santimita 80, sai ta koma ɗan jan ɗigo. Saboda haka a matso da kaskon kusa da taga, a saki labule mai duhu, a bar ƙofar da gilashin zai leƙo kawai. Mai zama a waje ya kafa zana ko tsohon bargo ya zauna a bayansa kafin tsuntsaye su fara zuwa. Tsayin kyamara ya zo daidai da idon tsuntsu. Hoton da aka ɗauka daga tsaye, ana kallon gadon bayansa, ba shi da rai.

Saitin da nake amfani da shi: saurin ƙiftawar kyamara 1/1000 na daƙiƙa ga wanda ke zaune a reshe, domin ƙananan nan ba sa daina juya kai. Ga wanka, 1/2500 zuwa sama in ana son ɗigon ruwa ya tsaya cak a iska. Buɗin ido, wato girman ƙofar da haske ke shiga ta gilashin, f/7.1 ko f/8. A f/5.6 daga mita 3, abin da ke fitowa tar bai wuce zurfin santimita 2 ba, sai ido ya fito, wutsiya ta yi dishi-dishi, ko a sami akasin haka wanda ya fi muni. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a bar shi ya daidaita kansa, a sa masa iyaka 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi a kwamfuta, wanda motsi ya ɓata kuwa babu magani. Ɗigon da kyamara ke auna kaifin hoto da shi guda ɗaya, a kan idon tsuntsun. A ɗauka a jere, huɗu ko biyar a danna ɗaya, domin tsuntsu yana da wata fatar ido da yake rufewa a kaikaice, takan sa idon ya fito fari a wani hoton.

Ɗan_Maraɗi

Malam Mai Nikon, Allah ya ƙara basira, amma yawancinmu waya ce a hannu. Da waya ma ana yi, sai dai ba a jawo hoto da yatsu, domin yanka hoton kawai take yi tana buɗa shi. Wayar ake kaiwa wurin tsuntsu. A kafa ta a ƙaramar ƙafa uku ko a jingina ta da dutse, santimita 40 zuwa 50 daga reshen. A danna allo a riƙe a kan reshen har saiti ya kulle, a kashe ƙara da fitila, a koma ɗaki da ɗan rimot na Bluetooth, yana aiki har kusan mita 10. Kwana biyu ko uku kafin nan a riƙa ajiye wani abu baƙi mai girman waya a wurin don su saba.

Wata hanyar ita ce a bar ta tana ɗaukar bidiyo na 4K, daga baya a ciro hoto daga ciki, kowanne yana da kusan megafiksel 8. Matsala biyu ce: wuri yana cika da sauri, kuma waya tana zafi a rana ta kashe kyamara da kanta. A yi mata rumfa da kwali.

Baban_Lambu, Zariya

Maganar haske fa? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ta karkata kudu a ƙasarmu. Wanda ya zauna kudu da kaskon yana fuskantar arewa, rana na bayansa kusan duk yini. Daga bakwai zuwa tara na safe, sai kuma bayan La'asar, hasken yana da taushi kuma yana sa ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Da tsakar rana inuwar darbejiya takan zo rodi-rodi, rabin tsuntsu a haske rabi a duhu, kyamara ba ta iya haɗa biyun.

Malama_Gumel

Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Da safe haske ya fi kyau, haka ne, amma daga Maris zuwa Mayu cinkoson tsuntsaye a kasko tsakanin sha biyu ne da uku, lokacin da zafi ya kai maƙura. A lokacin ne ake ganin waɗanda ba sa zuwa da safe, har cilakowa takan sauko. Dabarar ita ce kaskon da reshen su kasance cikin cikakkiyar inuwa, ta bango ko ta rumfa, a ɗaga ISO. Launin asisi ma ya fi fitowa a inuwa, shuɗin nan nasa rana tana wanke shi.

Ga masu son gane abin da suka ɗauka: namijin asisi ne ke da jan tabo a kumatu, mace ba ta da shi. Namijin baiwar Allah ja ne da ɗan zobe rawaya a ido da ƙananan fararen ɗigo a gefen ƙirji, macen ruwan ƙasa ce, jan nata a gaban ido ne da gindin wutsiya. Kabare da mulufi suna zubar da adonsu bayan damina, da rani sai su yi kama da gwara, shi ya sa ake ta turo hotonsu ana tambaya. Kurciya kuwa tsoma baki take ta zuƙi ruwa ba ta ɗaga kai, ba kamar yawancin sauran ba da ke ɗagawa bayan kowace kurɓa, don haka hotonta mai kyau kafin ta sunkuya ne ko da ta ɗago. Bayan tsuntsaye sun watse jan gwada yakan zo sha. A bar saitin yadda yake, a jira ya ɗaga ƙirji yana gyaɗa kai.

Likitan_Dabbobi, Kaduna

'Yan'uwa, tsafta. Kaskon da ba a wankewa yana kashe abin da aka tara. Akwai cutar maƙogwaro da ke kama kurciya da hasbiya da tattabara, tana bin yawu ta shiga ruwan sha. Alamarta tsuntsu ya kumbura gashi, ya zauna ba kuzari, bakinsa a jiƙe yana ƙoƙarin haɗiya. In an ga haka a ɗauke kaskon na mako biyu ko fiye su watse. Ƙwayar cutar ba ta jure bushewa, shi ya sa kasko biyu ya fi: yau wannan, gobe wancan, wanda aka ɗauke a goge shi da soso a shanya a rana ya bushe ƙarau. A zubar da ruwa kullum, wannan ya kuma hana sauro, tunda tsutsarsa tana bukatar kamar mako guda a ruwa kafin ta tashi.

Mai kiwon kaji kada ya haɗa musu wurin sha da tsuntsayen daji. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a nan jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Mataccen tsuntsu ba a ɗauka da hannu tsirara.

Hatsi kuma, in za a zuba, tafi ɗaya na tsakin gero ko acca da safe, nesa da ruwan, wanda za su cinye kafin hantsi. Abin da ya kwana na ɓera ne.

Ɗan_Nguru

Ƙurar hunturu ba a taɓo ta ba. Kada a canza gilashin kyamara a waje in ana hazo. Ƙura tana sauka kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta riƙa fitowa baƙin ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama. A canza a ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kafin a goge gilashi a fara hure shi da ɗan famfon roba, domin shafa ƙyalle kan ƙura kai tsaye karce shi yake yi. Hazo yana cinye launin abin da ke nesa, amma daga mita 3 ba ya cutarwa, har taushin haske yake bayarwa.

Fari da baƙi suna ruɗa kyamara. Balbela a rana a rage haske da mataki ɗaya, in ba haka ba gashin zai ƙone ba a ganin zanensa. Tsanwaka ko shirwa a kan wayar lantarki, sama na bayansu, a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu.

Daga Oktoba zuwa Maris a sa ido kan ƙananan tsuntsaye 'yan ci-rani masu ruwan toka da ke ƙetaro Sahara daga Turai. Manyan garkunan na ruwa suna dausayin Haɗeja da Nguru da wajen Dagona, amma ƙananan suna shiga lambuna, musamman inda akwai gawo, tunda shi da rani yake fitar da ganye da fure, ƙwari na taruwa a kansa. Don gane su ana bukatar hoton gefe da ke nuna baki da ƙafa da fiffike. Manhajar gane tsuntsaye ta Merlin tana taimakawa, amma a tabbatar da wanda ya sani. Wanda ya tabbatar zai iya shigar da abin da ya gani a eBird, shafin tattara bayanan tsuntsaye, ko ta manhajar BirdLasser ga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta.

Hajiyar_Tudun_Wada

Baiwar Allah takan yi sheƙa a ramin bango ko cikin jinka, kusa da mutane. Don Allah kada a yanke reshe ko a buɗe sheƙa don hoto ya fito, kada a haska fitila a ciki. Hankaka yana kallon inda mutum ke yawan tsayawa, ta haka zai iya gano sheƙar.

Mai_Darbejiya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa dutse da gorar ɗiga, na kafa reshe ɗaya. Malam Mai Nikon, tagar da nake ɗauka daga cikinta tana da ragar sauro. A cire ta, ko akwai dabara?

Mai_Nikon, Jos

In tana ciruwa, cire ta lokacin ɗauka. In ba ta ciruwa, manna bakin gilashin a jikinta, buɗe ido zuwa f/5.6, ka tabbata rana ba ta dukan ragar, sai ta ɓace daga hoton, ko da yake kaifin zai ɗan ragu. Kyamara takan kama ragar a maimakon tsuntsun, saboda haka saita da hannu a kan reshen ka bar shi a nan. Ta gilashin taga kuwa kada ka ɗauka in akwai yadda za a buɗe ta.