Masu motar gazuwal, ya kuke tada ta da asuba a wannan hunturun?

Ɗan Birni
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi. Ina da damuwa kuma ina so duk wanda ya taɓa shiga irinta ya faɗa mana yadda ya yi. Hiace gare ni ta gazuwal, inji 3L, ina yin Damagaram zuwa Magariya kullum, kuma tun da na saye ta ba ta taɓa ba ni kunya ba, lokacin zafi kafin in saki makulli ta tashi. To tun da Disamba ya kama hazo ya sauko, kullum bayan sallar asuba sai in yi ta murzawa, dimare, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, na juyawa da ƙyar, in ta ga dama ta yi tari sau biyu ta tofo farin hayaƙi mai yaji a ido ta mutu. Shekaranjiya sai da samarin unguwa suka tura ni, kafin in iso tasha lodi ya wuce ni, yini guda na yi asara. Abin da ya ɗaure min kai, da hantsi ya ɗaga murza ɗaya take tashi kuma har dare ba matsala. Wani ya ce gazuwal ne ke daskarewa, wani ya ce in sayi feshin nan na gwangwani da ake fesa wa inji don ya tashi. Don Allah a taimaka, da motar nan nake ci da iyali.

Makaniken Sabon Gari
Wa alaikumus salam ƙanena. Batun daskarewar gazuwal ka cire shi daga ranka tukuna, sanyinmu na nan in ya yi tsanani da asuba bai wuce ya sauko wajen digiri 10 ba, shi kuwa gazuwal sai an kusanci sifili kitsen da ke cikinsa yake fara fitowa. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, duk hunturu layin motoci ake yi a garajina kuma kowa da zancen mai ya daskare yake zuwa, amma in na buɗe sai in tarar ciwon tun bazara yana nan, zafi ne ya rufa masa asiri. Ka gane, injin gazuwal ba shi da tartsatsi irin na esansi, iska yake matsewa fiye da sau 20 har ta yi zafin da in an fesa mai sai ya kama da kansa. Da asuba ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi, yana shanye zafin nan kafin ya kai inda ake so, shi ya sa aka sa masa bujin ɗumama, guda huɗu a naka, kowane silinda da nasa. Farin hayaƙin da ka gani mai ne ya shiga bai ƙone ba. Ina kyautata zaton biyu ko uku daga cikinsu sun mutu. Gwajin ba wuya, a ɗaga kujera a kwance su ɗaya bayan ɗaya, a kama da filaya a haɗa da batir, mai rai cikin ƴan daƙiƙu bakinsa zai yi ja wur, matacce ko ɗumi ba zai yi ba. Kuma fitilar nan ta tablo mai kamar naɗin waya kada ta ruɗe ka, tana iya kamawa ta mutu daidai alhali ƙasa ba abin da ke faruwa.

Shofer na hanyar Tanut
Ni dai gaskiya feshi nake sawa, ɗan kaɗan a bakin filtar iska, nan take ta tashi. Hunturu biyu ke nan ban ga komai ba. Wanda fasinja ke jira ba shi da lokacin kwance buji.

Abban Hadiza, Garin Malam
Ɗan uwa don Allah ka bari, ni na ga abin da idona kuma a aljihuna ya ƙare. Land Cruiser nake tuƙa wa maigidana, mai injin 1HZ silinda shida, motar da kowa ya san ba ta da raki. Shekara uku da suka wuce ta fara nauyin tashi da safe, wani abokina ya ba ni gwangwanin nan, ranar farko na ji daɗi ƙwarai. Sai ya zama kullum, daga fesa ɗaya na koma uku, har ta kai ko da rana in ba a fesa ba ba ta tashi. Ranar da abin ya faru mun kwana a Gure, yaron mota ya fesa da yawa ni kuma na riga na buɗe kontak bujin sun yi ja, da na murza sai na ji ƙara kamar an buga guduma cikin inji, gam gam gam, motar ta girgiza duka. Ta tashi kam, amma tun daga nan shuɗin hayaƙi da shan man inji, kafin mu iso Mirriya na ƙara mai sau biyu. Da aka sauke kulas, wato murfin saman inji, segman biyu, zobban da ke jikin fiston, sun karye, fiston ɗaya ya tsage a gefe, makaniken ya ɗora min shi a tafin hannu ya ce duba aikinka. Abin da ke cikin gwangwanin yana kamawa tun fiston bai kai sama ba, sai ya zama wuta na tura shi ƙasa dimare na tura shi sama. Wata huɗu ana cire min daga albashi, kuma har yau in na tuna kallon da Alhaji ya yi min raina ɓaci yake. Alhali tun farko rele ɗin da ke sakar wa bujin wuta ne ya lalace, abin da bai taka kara ya karya ba.

Shofer na hanyar Tanut
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri yaya. Ni ma na lura ƴan kwanakin nan sai na ƙara yawan feshin, zan kai ta a duba.

Mai Batir, Kasuwar Dole
Malam Makanike ya yi gaskiya amma akwai inda Ɗan Birni ya ce dimare na juyawa da ƙyar, wannan ba aikin buji ba ne, wannan ɓangarena ne. Batir a ƙasar nan zafin Afrilu da Mayu ne ke cinye shi, ruwa ya ƙafe faranti su lalace, amma ba ya faɗuwa sai sanyi ya zo, don lokacin ƙarfinsa ya ragu kuma man inji ya yi kauri kamar zuma sannan buji su fara zuƙe wuta tun ba a murza ba. In ya kwana ka auna, cikakke volt 12.6 yake nunawa, in ka ga 12 ko ƙasa to ya yi rauni sosai, sannan a riƙe abin awon a kai lokacin da ake murzawa, in ya faɗi ƙasa da 10 sosai to ya gama aiki. Amma kafin ka saya sabo ka duba kawunan, sau nawa mutum ke zuwa da kuɗi a hannu in tarar farin garin nan ne ya cika kos, wato ƙarfen da ke kama kan batir, ko wayar mas da ke haɗa batir da jikin inji ta saki. Ruwan zafi da buroshi a ɗaure tamau, in ce masa tafi da kuɗinka. Kuma don Allah ku daina danne makulli minti guda, daƙiƙa goma ta isa, ka saki ka jira kamar rabin minti ka sake, in ba haka ba dimare ne zai ƙone ku haɗa ciwo biyu. Ka taka ambireyaj, wato kuloci, lokacin murzawa, ka kashe fitila da rediyo.

Tsohon direban Kawar
Ƴaƴana sannunku. Ni yanzu na ajiye, ido ya yi rauni, jikana ke rubuta min. Abin da kuke kira sanyi a Damagaram wasa ne, wanda ya kwana a Tenere watan Janairu tsakanin Agadas da Dirku shi ya san sanyi, ruwan da ka bari a buta da safe sai ka ga ya yi ɓawo a sama, yatsu ba sa iya riƙe sufana. Can kam na ga gazuwal ya yi fari kamar an zuba masa madara, filta ta toshe, motar ta tashi ta yi minti biyu ta mutu. Manyan Mercedes ɗinmu ba su da bujin ɗumama ma, sai batir biyu masu haɗa volt 24 da ƙarfin inji. Abin da muke yi, ba ma tsayawa gaban mota na kallon gabas inda iska ke fitowa, mu rufe gaban da tanti da tabarma, in dare ya raba a tada yaro ya kunna ta ta yi ɗumi a kashe. Da asuba garwashin da aka yi shayi a zuba a kasko a tura ƙarƙashin kartar, inda man inji ke kwanciya, garwashi na ce ba harshen wuta ba, kuma mutum na tsugune a wurin. Ban ce ku yi ba. Wani abokin tafiyarmu, Allah ya jiƙansa ya rasu daga baya, yaronsa ya hura kwali a ƙarƙashi, ashe bututun mai na ɗiga, muna kallo wuta ta kama ta haye kaya, da rairayi muka yi ta watsawa har hannu ya sale, gaban motar ya tafi, kwana shida muna jiran a kawo ɗauki ruwa na ƙarewa. Tun daga ranar na koma dafa ruwa in zuba a kan filta da fanfon mai a hankali, ya fi jinkiri amma hankali kwance.

Ɗan Zango a Faransa
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni kamiyon raba kaya nake tuƙawa a gabashin Faransa, nan abin da Baba ya faɗa kowace shekara ne, shi ya sa gidajen mai ke canja gazuwal da kansu in sanyi ya shigo, na bazara iyakarsa digiri 0, na hunturu yana jure har 15 ƙasa da sifili, akwai ma na tsananin sanyi mai kai 20. Shekarata ta farko na bar ƙaramar motata da man da na sha tun Satumba, na yi tafiya na dawo Janairu, ta ƙi sam, sai da aka ja ta aka shigar garaji mai ɗumi ta kwana aka sake filta. A gida kam Damagaram ban ga dalilin wannan tsoron ba sai ga masu hawa arewa. Abu ɗaya da na koya nan wanda zai yi muku amfani, motocin yanzu masu kwamfuta kada a kuskura a garwaya musu esansi ko kananzir wai don mai ya tsinke, fanfon da injekta da gazuwal ɗin suke samun santsi, in ya rasa sai su ci kansu.

Hajiya mai ƙanƙara, Karkada
Salamu alaikum, ku yi haƙuri mace ta shigo zancen direbobi, amma ni ma Hilux gare ni da ake kai min kaya ƙauyuka ranar kasuwa kuma na sha wannan wahalar bara. An sake buji an sake batir, kuɗi sun tafi, da safe tana nan jiya i yau. Sai wani dattijo ya ce wa direbana kafin ya murza ya danna ɗan fanfon hannu da ke kan filtar mai ya ji. Ya danna ya ji lakwas, sai da ya yi kusan sau ashirin ya yi tauri, yana murzawa ta tashi. Ashe wata ƴar roba ce ta tsufa ta tsage, da dare sanyi ya ƙanƙance ta iska ta shiga mai ya koma tanki. Ƴar robar da ba ta kai tsawon hannu ba. Da aka kwance ƙasan filtar kuma ruwa ya fito kusan rabin kofin shayi, don yaron yana shan man bido a bakin hanya in ya matsu. Yanzu na hana, a gidan mai yake cikawa da yamma kafin ya ajiye ta.

Makaniken Sabon Gari
Hajiya kin kawo magana mai muhimmanci, na manta da ita. Ƙanena ka bi su a jere daga mai araha, kawunan batir, fanfon hannu, buji da rele, sannan wane man inji ka zuba a juyen ƙarshe? In 40 zalla ne mai kauri ka koma 15W40. In duk waɗannan lafiya kuma tana nan tana fari da safe to sai a auna matsin inji, nan ne maganar ke yin nauyi.

Ɗan Birni
Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan na sauke lodin ƙarshe na kai ta aka kwance bujin a gabana, uku matattu ne, ɗaya har bakinsa ya kumbura sai da aka jiƙa shi da mai aka lallaɓa kafin ya fito, na huɗun ne kaɗai ke ɗan yin ja, ashe da shi kaɗai take ta fama tun shigowar sanyi. Na sake duka huɗun kamar yadda aka ba ni shawara. Wayar mas ma ta yi tsatsa an kankare, batir ya nuna 12.4 mai awon ya ce zai kai ni amma in sa ido. Yau da na fito masallaci hazo ya rufe gari ko ganuwar Birni ba a gani sosai, na buɗe kontak na jira fitila ta mutu na ƙara ƴan daƙiƙu, na taka ambireyaj na murza, wallahi juyi biyu ta kama, ɗan hayaƙi kaɗan ya fita ya wuce. Na bar ta minti uku tana ɗumi sannan na ja a hankali, ni ne na biyu a layi. Man injin ne ya rage, 40 ne a ciki, sai ranar Juma'a in na huta zan juye. Ɗan uwa na hanyar Tanut, in ka kai taka ka dawo ka faɗa mana abin da aka gani.